Na Auna Ampilinki Bayan Kin Tafi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Hajara, Dadata, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Maruwa lafiya, kin fara sabawa da ruwan can da 'yan moto ɗinsu, masu haya da babur, masu gudu kamar an biyo su. Allah ya tsare ki a hanya da ɗaki, ya haɗa ki da abokan zama nagari. Labarin gida Innarki za ta ba ki, ni ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Innarki ta gaya mini abin da kika ce kada ta gaya mini. Kada ki ga laifinta, tun da na aure ta ba ta taɓa riƙe magana ta wuce kwana uku ba. Ta ce ranar Litinin mai zuwa za ki kai takarda ofishin makaranta ki bar fannin lantarki, ki koma kowane fanni ma, domin kin gane ba ki da hannun wannan aiki. Na san inda kika samo wannan magana, a bakina kika same ta. Ina roƙonki, kafin ki sa hannu a takardar nan ki karanta wasiƙata har ƙarshe, sannan ki buɗe kwalin da na aiko tare da ita. Ampilinki ne a ciki, wanda kika tura ƙarƙashin teburi kika tafi kika bari. Zan zo kan maganarsa, amma sai na fara ba ki labarin wautar da na tafka a wannan sana'a, wadda na ɓoye miki don kada girmana ya zube.

Kakanki ya so in gaje shi a rumfar atamfa. Ni kuwa duk rediyon da ya shigo gidanmu sai na kwance bayansa, ina so in ga inda mai maganar yake zaune. Da na kashe na uku, ya ce tunda ɓarna nake so, gara in je inda ake koyar da ita. Ya kai ni wurin Patiron Toma, wani Kirista daga duwatsun Mayo-Oulo, mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa. Ba ki san shi ba, ya rasu kafin a haife ki. Gajere ne, ba ya son surutu, in Hausa ta ƙare masa ya cike da Fulatanci ko Faransanci. Shi ne mutumin farko da na gani zaune a ɗaki a Garwa yana hira da wani a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba, babu abin da ya haɗa su sai zaren tagulla da ya ɗaura daga rufin shago zuwa bishiyar darbejiya. Har yau in na tuna cewa murya tana tashi daga nan, ta bugi wani abu can sama da ba a gani, ta sauko a gidan wani, sai in ji mamakin ya dawo mini sabo.

A shekarata ta biyu ya gama haɗa wani ampili mai kwalabe biyu, irin na da, masu haske kamar fitila. Aikin ampili kin san shi, ya karɓi ƙaramar murya daga rediyo ya ƙara mata ƙarfi kafin ta hau eriya. Ranar da ya ɗaura sukurun ƙarshe ya ce zai je cin abinci, kada in taɓa. Ni dai allurar mita nake so in ga ta motsa, shi ke nan. Na kunna, na jira kwalaben suka yi ɗumi, na danna makirfo na ce alo. Ban duba bayan akwatin ba, ashe babu eriya a jikinsa. Allura ta yi tsalle, cikin kwalaben ya yi ja kamar garwashi, na tsaya ina kallo don abin ya ba ni sha'awa, sai na ji ƙas.

Da ya dawo bai tambaye ni komai ba, hancinsa ya gaya masa. Ya daɗe yana kallon kwalaben, sannan ya ce, "Mon peti, ka sa shi ya yi ihu, ba ka ba shi inda zai zuba ihun ba. Ƙarfin nan ina kake so ya je? Sai ya koma ya ci mai shi." Bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Wata biyar muka jira kafin wani direba ya samo masa irinsu daga ƙetaren iyaka. A cikin watannin nan ya koya mini haɗa eriyar ƙarya, wato rezistans, 'yan abubuwan nan masu tauye wuta, da ake jerawa har awonsu ya kai om hamsin, a nutsa su a gwangwanin mai, su shanye ƙarfin ampili su mai da shi zafi ba tare da ko kalma ɗaya ta fita waje ba. To Dada, kafin yatsanki ya taɓa makunni, idonki ya bi waya tun daga bayan akwati har inda ta ƙare. Ko malaminki ne ya ce ya riga ya haɗa, ki bi da idonki, ba raini ba ne. In kuma an ce kada ki taɓa, ki tambayi dalili. Da na tambaya da ya gaya mini nan take.

Da na buɗe nawa shagon a zauren gidanmu na ce ni ma zan yi tawa eriyar ƙaryar. Man da ake sawa, irin na taransifoma, ya yi wuyar samu, sai na ce ai mai mai ne. Na shiga madafa na ɗebi man gyaɗar kakarki na cika gwangwanin madara. Kuma ya yi aiki, kada ki yi dariya. Sai dai duk sa'ad da na gwada ampili na minti biyu sai zaure ya ɗauki ƙamshin suya, masu kawo gyara suna leƙe-leƙe suna neman inda aka ɓoye ƙosai. Bayan wata biyu a zafin Garwa man ya lalace ya yi kauri, ya daina kwashe zafi, rezistans biyu suka ƙone a ciki ban sani ba. Hamsin ta koma saba'in da wani abu. Na yi kusan wata guda ina kwance wani ampili lafiyayye ina mayarwa, ina zagin wanda ya zana shi, alhali ma'aunina ne ya karkace. Kiyashi ne suka tona asirin, da suka yi layi zuwa gwangwanin na buɗe in zubar. Tun ranar, kafin in auna komai sai na auna abin aunawar. Ki ajiye rezistans ɗaya wadda kika tabbatar da ita, ki naɗe a takarda, duk safiya ki fara ɗora mita a kanta. In mita ta faɗi gaskiya a kan abin da kika sani, sannan ki yarda da ita a kan abin da ba ki sani ba. In kin sami dama kuma ki tambayar mini malamanku me ya sa man taransifoma ba ya lalacewa haka, na daɗe ina son sani.

Tabon da ke babban yatsana na dama, wanda na ce miki wuƙar Layya ce, ba wuƙa ba ce. Na kashe wani ampili, na zare filogi daga bango, na ga ai magana ta ƙare, na zura hannu. Manyan kondansata ba ruwansu da filogi, suna riƙe da wutarsu bayan an kashe, wani lokaci har mutum ya je salla ya dawo. Na tsinci kaina a jikin bango, harshena a cije. Innarki a lokacin amarya ce, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta yi mini faɗa har ni ma na gaji. Wannan kam ba roƙonki nake ba, umarni ne. Ki sauke wutar kondansata ta rezistans mai mariƙin roba, ki auna ki ga sifiri da idonki, sannan ki sa hannu. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a bayanki. Ki cire zobe da awarwaro, ki soke gefen mayafi kada ya yi lilo a kan teburi. Kada ki buɗe akwati mai babbar wuta ke kaɗai a ɗaki, ko da 'yan ajinku za su ce tsoro kike ji.

Kina goye na sami lisans, wato izinin magana ta rediyo, da lambar kira. Lokacin abin da ke kaina ɗaya ne, in ga allurar wat ta kwanta a ƙarshen mita. In ta nuna tamanin sai in murɗa in ga ɗari, in ta nuna ɗari in ce ai da saura. Wata rana bayan La'asar na zauna ina kira da Faransanci, ina maimaita lambata, ina jin kaina wani babba. Ashe a masallacin unguwa malaminmu Modibbo yana karatu da lasifika kamar yadda ya saba, kuma duk abin da na faɗa yana fita ta kan hasumiya tare da nasa. Bai aiko kowa ba, da kansa ya zo bayan an tashi, ya tsaya a ƙofar zaure da carbinsa.

Ya ce, "Jam na, Malam Sani? Muna tsakiyar babin alwala sai ga ka kana kiran mutanen duniya da Nasaranci. To an amsa maka kuwa?"

Na ce ba a amsa ba.

Ya ce, "Mu dai mun ji ka sarai. Useni, don Allah, a bar mana lasifikarmu."

Kwana biyu ina salla a sahun baya. Amma mamaki ya fi kunyar yawa, ta yaya muryata ta shiga na'urar da ba rediyo ba? Na roƙi ladan ya bar ni in duba. Rabin laifin na wayar lasifikarsu ne, doguwa ce ƙwarai har ta zama eriya, na naɗa ta a zoben ferit ta yi shiru. Da na zagaya maƙwabta kuma sai na ji talabijin ɗin gidaje uku yana zane-zane duk yamma. Wannan rabin nawa ne. Shi ya sa na nemi osilo, injin da ke zana siffar murya a gilashi, tsohon nan mai koren layi da kika girma kina kallo. Na sa wa ampilin fito biyu a tare kamar yadda littafi ya ce, na duba gilashi. Maimakon jerin ƙwai masu kyan kai, sai na ga duk an sare musu kai. Ƙarfin da nake taƙama da shi ashe da datti a ciki, yana watsuwa a wuraren da ba nawa ba. Na rage murɗi, na haɗa filtir a bakin fita don ya tace dattin, allura ta sauko saba'in. A makon nan wani abokin rediyo daga Banyo, wanda ya daɗe yana cewa in maimaita, ya tambaye ni wane sabon inji na saya. Allura yawa kawai take faɗi, Dada, ba ta faɗin kyau. In kin kafa eriya a inda kike, ki zagaya ki tambayi maƙwabta da bakinki ko wani abu ya canza a gidajensu.

Duk wannan na sani. Ni na zaunar da ke a kan benci kina 'yar shekara tara na ce miki gani ya kori ji, abin da osilo ya nuna shi ne magana. To ga abin da ya sa na rubuto.

Da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, kika ce za ki haɗa ampili naki na kanki, na zangon rediyo da ake ce wa mita arba'in, in kin sami izini a can mu riƙa gaisawa ta rediyo ranar Juma'a, ban nuna miki ba amma na yi kwana biyu ina murmushi ni kaɗai. Na ga yadda kika naɗa wayoyinki kina ƙirgawa da baki, na ga dalmarki tana sheƙi babu dunƙule ko ɗaya. Ranar gwaji kika haɗa eriyar ƙarya ban tuna miki ba, kika sa fito biyu, ƙwai suka jeru a gilashi. Sannan kika ɗauki makirfo kika yi magana, ni kuma na sa kunne a tsohon rediyon da ke ƙarshen teburi. Abin da na ji murya ce a dushe, kamar mai magana da tuwo a baki. Na ce akwai matsala. Kika kwance taransifoman fita kika sake naɗawa. Na saurara, na ce har yanzu. Sau uku kika naɗa shi a cikin zafin nan, yatsunki duk suka yi kanta.

A karo na uku kika juyo da osilo wajena kika ce, "Baba, ka duba fa. Babu inda ya karye."

Ban duba ba. Na ce kunnena ya shekara talatin yana wannan aiki, gilashi ba zai koya mini murya ba. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa ba kowane hannu aka yi don dalma ba. Na ga kin ajiye ƙarfen dalma a mazauninsa a hankali, kin zare filogi, kin sauke wutar kondansata kamar yadda na koya miki, kin tura akwatin ƙarƙashin teburi. Ba ki yi kuka ba, ba ki kuma sake shiga zauren ba sai wucewa. Magana zarar bunu ce, na sani, amma a lokacin gani nake gaskiya na faɗa, fushin yara ne zai wuce.

Kwana huɗu bayan tafiyarki na jawo akwatin. Ba don na yi nadama ba, kada in yi miki ƙarya. So nake in gano inda kika yi kuskure in rubuto miki, kuma abin yana cina, domin ban taɓa ganin ampilin da hotonsa ke da kyau muryarsa ba ta da kyau ba. Na gwada mita tukuna, ta faɗi gaskiya. Na auna eriyar ƙarya, hamsin cif. Na auna wutar da tiranzistocinki ke sha suna zaune, daidai da abin da kika rubuta a murfi. Na bar shi yana aiki har ƙarfen sanyaya ya yi zafi, bai gusa ba. Wat arba'in da biyar masu tsabta, Dada. Ampilina na biyar ma bai kai shi kyau ba, balle na farko.

Sai na ce to laifin na lasifikar tsohon rediyon ne. Na haɗa akwatin fito, injin gwajin nan mai fitar da sauti daga kauri zuwa siriri, kai tsaye da ita, na fara daga ƙasa ina murɗawa sama a hankali, in ji inda take shaƙewa. Fiton ya yi ta sirancewa, ya yi ta sirancewa, sai ya ɗauke. Na ce yauwa, na kama ɓarawo. Na canza wata lasifika sabuwa fil, ya sake ɗaukewa a daidai wurin. Na bubbuga akwatin fiton. Na duba osilo, koren layi yana ta rawarsa, babu abin da ya same shi. Ina tsaye ina sosa ƙeya sai ga Innarki ta fito daga madafa, ludayi a hannu ɗaya, ɗayan a kunne.

Ta ce, "Malam, don Allah kashe abin nan, zai huda mini kai. Tun ɗazu nake haƙuri."

Na ce wane abu? Ta dube ni, na dube ta.

Kin san halina, maimakon in tsorata sai abin ya ba ni sha'awa tukuna. Na zaunar da ita a kan benci ta ba ni baya, na ce in ta daina ji ta ɗaga hannu. Na yi ta murɗawa har na kusa ƙure akwatin kafin ta ɗaga, na sa alama da fensir. Sannan na koya mata murɗawa, na zauna na ba ta baya. Ban daɗe ba na ɗaga hannu. Muka sake sau uku, kunnen dama daban na hagu daban, miyarta har ta kama. Tsakanin alamarta da tawa akwai faɗin yatsu huɗu. Da na ga haka sai na ajiye fensir na zauna. Na tuna lasifika biyu da na jefar bara na ce sun mutu, da abokan rediyo da na yi ta ce wa ba su iya saita makirfo ba, da yadda nake cewa Innarki ta koma magana ciki-ciki. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na kowa, har na hango naki da babu shi.

Na je asibiti ranar Talata. Suna da wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, a sa maka abin ji a kunne, a ba ka maɓalli ka danna in ka ji fito. Wato abin da muka yi da Innarki ne, sai dai nasu yana zana takarda. Na roƙi ma'aikaciyar ta bar ni in leƙa bayan injin, ta ce, "Papa, kunnenka aka zo aunawa, ba injinmu ba." Likita ya nuna mini zanen, layi yana tafiya daidai sai ya gangara kamar gaɓar Binuwai. Ya ce shekarun da na yi da abin ji manne a kunne, ina ƙure ƙara don in tsamo murya daga cikin hayaniya, su ne suka cinye siraran sautuka, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce da muryar mata da ta yara ake fara wahala. Akwai ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, za a gwada mini wata mai zuwa. Na tambaye shi ko ampili ne a ciki, ya ce e, bai kai ƙwayar wake ba. Ina ɗokin in gan shi, ko da yake Innarki ta rantse in na kwance shi za ta koma gidansu. Ke dai ki rage ƙarar abin ji tun yanzu, in murya ta nutse ki gyara eriya ko ki haƙura da ita.

To kin ji. Ma'aunin da na fi yarda da shi a zauren nan shi ne wanda ban taɓa aunawa ba, kuma da shi na yanke miki hukunci. Ampilinki lafiyarsa lau tun naɗin farko. Hannunki hannun dalma ne, ya fi nawa. Na yi miki ba daidai ba, Dada, kuma na ji kunyarki ƙwarai. Ki yafe mini.

Amma kada ki karɓi wannan maganar ma don ni na faɗa. Da na ce ba shi da kyau kin yarda, kin bar abin da idonki ya gani. In yanzu na ce yana da kyau kika yarda don na faɗa, ba mu ci gaba ba. An ce a ɗakin gwajinku akwai injin da ke baje sigina a gilashi, ya nuna uwar a tsaye da 'ya'yan dattin da ke gefenta, kowanne da tsayinsa. Ni a hoto kawai na taɓa ganinsa. Ki kai akwatinki can kafin Litinin, ki nemi izinin mai kula da ɗakin, ki auna da hannunki. Na sa miki mitata mai allura a kwalin, da zoben ferit guda shida. In kin ga abin da kika gani, sannan ki yanke shawara. In har bayan haka zuciyarki na son wani fannin, ki je da albarkata, ba zan ce uffan ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki bar aikin da kike so saboda maganar kurma. Za ki haɗu da manya a can, masu furfura da manyan takardu, wani zai ce miki abu kaza ba daidai ba ne alhali gilashi na nuna daidai ne. Ki ba shi girmansa, ki rage murya, amma kada ki kwance naɗinki sai ya zo ya duba tare da ke. Kuma ki zana mini abin da injin nan ya nuna, da lambobin da ke gefe, domin ina zargin filtir ɗinki ya fi wanda ke littafi, ban kuwa gane dalili ba.

Allah ya tsare ki daga sharrin wuta da na hanya da na mutum. Ya ba ki malamai masu haƙuri, ya buɗe miki abin da ya rufe mini. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga ɗakin gwaji, in za ki hau moto ki zaɓi dattijo. Ki gaishe da matar da kike zaune a gidanta, ki ce mun gode.

Amsar wannan kuwa ki rubuto ta a takarda, kada ki kira ni a waya. Sau biyu da kika kira kin ji ina ta cewa to, to, madalla. Rabin abin da kika faɗa bai iso ni ba, kunya ta hana in ce ki maimaita. Kuma ranar da muka raka ki ajans, wato tashar mota, da mota ta fara motsi, kin leƙo ta taga kin faɗa mini wata magana. Na ga bakinki yana motsi, na ɗaga hannu na ce to. Innarki tana can tana fama da mai ɗaukar kaya, ba ta ji ba. Kullum sai na juya abin a raina. Ki rubuto mini abin da kika ce, ko mai daɗi ne ko marar daɗi, ina so in sani.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Babanki,
Sani